Muhawara: Da gaske kunamar ruwan Binuwai 'yar'uwar shak ce?

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga malamanmu na bayoloji ce. A littafinmu an raba kifaye gida biyu, masu ƙashi da masu guringuntsi, aka saka shak a gida na biyu. Ta yaya dabbar da ke iya datse ƙafar mutum za a ce ba ta da ƙashi? Sannan duk misalan da aka kawo na teku ne. Mu nan ba mu da ko ɗaya a kogunanmu?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hauwa. Littafin bai yi ƙarya ba. Ajin ana kiransa Chondrichthyes, kuma nau'ukan da ke cikinsa sun haura 1,200. Ya rabu reshe biyu. Na farko Elasmobranchii, inda shak yake da nau'i sama da 500, tare da faffaɗan kifayen nan dangin kunamar ruwa da suka haura 600. Na biyu Holocephali, wato kimera, kusan nau'i 50 kacal, yawancinsu can cikin zurfin teku. Ƙirar jikinsu duka guringuntsi ce, irin wanda ke kunnenki da hancinki, sai dai a wuraren da ake buƙatar ƙarfi, musamman muƙamuƙi da gadon baya, an lulluɓe shi da ƙananan faranti na sinadarin kalsiyam. Shi ya sa cizon ke da ƙarfi. Haƙoran kuwa ba guringuntsi ba ne, sun yi tauri irin na namu.

Alhaji Garba: Malam, tsaya tukuna. Kunamar ruwa ka ce? Wadda muka sani a Binuwai? Ni ɗan masunta ne, a bakin kogi na tashi a Jimeta. Abar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, da dogon wutsiya siriri mai ƙari. Me ya haɗa ta da shak?

Malam Sani: Ita fa, Alhaji, ranka ya daɗe. Ita ce amsar tambayar Hauwa ta biyu. Masana sun yi mata rajista a 1962 daga wadda aka kama a Garwa ta Kamaru, shi ya sa sunanta ya ɗauki sunan garin. Da ana ce mata Dasyatis garouaensis, a 2016 aka mayar da ita Fontitrygon garouaensis. Faɗinta bai cika wuce santimita 40 ba. Ana samunta a Neja da Binuwai, da kogin Kuros, da Sanaga a Kamaru.

Nura: Gaskiya ni wannan bai shige ni ba. Shak dogo ne, mai gudu, mai farauta. Wannan kuwa tana kwance cikin yashi tana cin tsutsa. Idan kama ake bi, ai giwan ruwa ya fi kama da shak nesa ba kusa ba.

Dakta Amina: Ƙanena Nura, kama da wane ba ta wane. Da siffar waje ake bi, da an saka ayu da dolfin cikin kifaye, alhali su dabbobi ne masu shayarwa, da huhu suke numfashi. Abin da ake dubawa shi ne tarin alamomin da suka zo tare. Alhaji ya fi mu sanin cikin kifi, bari in tambaye shi. Baba, idan kuka juya kunamar ruwa rigingine, me kuke gani a ƙasan bakinta?

Alhaji Garba: Wasu tsagogi ne a jere, dama da hagu. Biyar-biyar in ban manta ba.

Dakta Amina: Biyar-biyar ne. Ta nan ruwan da ta shaƙa yake fita. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa murfi ɗaya suke da shi a kowane gefen kai, ya rufe wurin numfashin gaba ɗaya. Shak ba shi da wannan murfin, tsagogi ne a fili, biyar a yawancinsu, shida ko bakwai a wasu 'yan kaɗan. To ga alama ta farko. Ta biyu, idan kun fasa cikinta kuna samun jakar iskar nan da ake samu a cikin giwan ruwa?

Alhaji Garba: Babu. Hanta ce dai babba. Kuma gaskiyarki, ba ta da ƙaya irin ta sauran kifi, abin da ke ciki ana iya tauna shi.

Dakta Amina: Haka cikin shak yake. Babu jakar iska, sai ƙatuwar hanta cike da mai, kuma man ya fi ruwa rashin nauyi, shi ke taimaka masa kada ya nutse. A wasu shak na zurfin teku hanta kaɗai takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jiki. Alama ta uku hanji ne: gajere ne, amma a cikinsa akwai wani lanƙwasasshen bango da ya murɗe, abinci na bin sa a hankali har jiki ya tsotse abin da yake so. Ta huɗu, wadda ta fi kowace ƙarfi a wurina, ita ce haihuwa. Namijin kowane kifi a wannan aji yana da gaɓoɓi biyu a jikin fukafukan ƙasan ciki, da su yake saka maniyyi cikin mace. Karfasa kuwa ƙwai take zubarwa a waje, namiji ya bi ya watsa nasa a kai.

Nura: To Anti, idan guringuntsi ne ma'auni, gaiwa fa? Na san ita ma ba wani ƙashin kirki gare ta ba.

Malam Sani: Madalla da wannan tambaya, Nura. Gaiwa yawancin ƙirarta guringuntsi ne, haka ma wani babban kifi na Turai da Asiya da ake cin ƙwansa, sturjin. Amma dukansu suna gidan masu ƙashi, domin suna da murfin numfashi, suna da ƙasusuwa a kai, gaiwa ma har huhu gare ta, shi ya sa take iya kwana cikin laka da rani. Don haka nake hana ɗalibaina haddace cewa "mai guringuntsi shi ne Chondrichthyes" su tsaya nan. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci.

Hauwa: Malam, to yaya ake bambance shak da dangin kunamar ruwa, tunda reshe ɗaya suke? Faɗi ne kawai?

Malam Sani: A'a, faɗi yana yaudara. Dubi inda tsagogin numfashi suke. Idan a gefen kai suke, shak ne. Idan a ƙasa suke, ta wajen ciki, kuma fukafukan gaba sun manne da kai, to dangin kunamar ruwa ne. Akwai shak na jinsin Squatina da ya baje ƙwarai, amma shak ne. Akwai kuma kifin zarto, dogo mai wutsiya irin ta shak, amma tsagoginsa a ƙasa suke, saboda haka ɗan gidan kunamar ruwa ne. Wani abin lura, mai kwanciya a yashi ba zai sha ruwa ta baki ba, sai ya haɗiyi ƙasa. Shi ya sa kunamar ruwa take da ƙofofi biyu a bayan idanu, ta nan ruwa ke shiga.

Ibrahim Maraɗi: Ina biye da ku tun ɗazu, sai da aka ambaci kifin zarto na ga dole in sa baki. 'Yan'uwa na Nijar, ku ciro kuɗin sefa daga aljihu ku duba. Tambarin bankin BCEAO da ke jikin takarda da tsaba siffar kifin zarto ce, an ɗauko ta daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan. Kullum yana hannunmu a kasuwa, amma kifin kansa ya kusa ƙarewa a gabar Afirka ta Yamma.

Dakta Amina: Wallahi Malam Ibrahim ka taɓo inda ke yi mini ciwo. Nau'i biyar ne na kifin zarto a duniya, kuma dukansu suna cikin haɗarin ɓacewa. Zarton nan da yake kaɗa garken ƙananan kifaye da shi, shi ne ke sarƙe shi a cikin taru, in ya shiga ba ya fita.

Maryam: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Da nake Legas na taɓa sayen naman shak, da ya kwana sai ya riƙa wani wari mai hawa kai irin na fitsari. Lalacewa ya yi ko haka yake?

Dakta Amina: Yaya Maryam, dalilin yana cikin jininsa. Ruwan teku gishiri ne, kuma gishiri yana janye ruwa daga jikin duk abin da ke cikinsa. Kifaye masu ƙashi suna magance wannan ta hanyar shan ruwan teku da yawa su fitar da gishirin. Shak da danginsa wata hanya suka bi: suna tara yuriya a jini da tsoka, sinadarin nan da manoma suka sani a taki, har jininsu ya yi daidai da kaurin ruwan teku ko ya ɗan fi shi. Ta haka ruwan jikinsu ba ya tsiyayewa. Yuriya mai yawa tana lalata furotin, sai aka haɗa musu da wani sinadari, TMAO, da ke kare su. Da kifin ya mutu, ƙwayoyin bakteriya sai su mayar da yuriyar amoniya, wannan ne warin da kika ji. Shi ya sa masu sana'ar ke zubar da jininsa nan take, su sa ƙanƙara ko gishiri, wasu su jiƙa naman kafin dafawa.

Nura: To ai kin ga matsalar, Anti. Idan jininsu an yi shi ne don ruwan gishiri, me kunama take yi a Binuwai, kilomita ɗaruruwa daga teku?

Dakta Amina: Wannan ne ya sa take da daraja. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin ajin suke iya zaman ruwan daɗi. Akwai shak Carcharhinus leucas da ke shiga koguna, ya rage yuriyar jininsa, ƙodarsa ta riƙa fitar da ruwa da yawa. An same shi a Zambezi, da tafkin Nikaraguwa, da Amazon har wajen Ikitos a ƙasar Peru. Amma shi baƙo ne, yana komawa teku. A Kudancin Amurka akwai dangi guda, Potamotrygonidae, da suka zauna ruwan daɗi har suka daina tara yuriya, in ka sa su a teku mutuwa za su yi. A Afirka kuwa ga tamu ta Binuwai, da wata 'yar'uwarta mai ƙayoyi a baya, Fontitrygon ukpam, wadda aka fara samu a kogin Kalaba.

Usman: Ni tambayata ta addini ce. Halal ne cin shak, tunda yana cin mutane?

Shugaban Zaure: Malam Usman, abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne dabbobin ruwa halal ne, bisa ayar da ke cikin Suratul Ma'ida. Ƙarin bayani a nemi malaman fiƙihu. A nan mu tsaya kan halittar.

Malam Sani: Kuma batun cin mutane a rage masa gishiri. Mutanen da shak ke kashewa a duk duniya ba su cika wuce goma ba a shekara. Mafi girman shak, Rhincodon typus, wanda kan wuce mita 12 kuma shi ne kifi mafi girma a duniya, ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci, bai damu da mutum ba. Mafi ƙanƙanta kuwa bai wuce santimita 20 ba. Tsakanin waɗannan biyun, nau'ukan da ke da haɗari ga mutum ana iya ƙirga su da yatsu.

Hauwa: Na ga bidiyo a YouTube ana cewa shak in ya tsaya da iyo sai ya mutu, kuma ba ya kamuwa da ciwon daji.

Malam Sani: Na farkon gaskiya ne a kan wasu kawai. Manyan masu yawo a tsakiyar teku sai sun yi tafiya ruwa ke ratsa bakinsu. Amma da yawa suna kwanciya a ƙasa su riƙa tura ruwa da tsokar baki. Na biyun ƙarya ne tsagwaronta. An samu ƙari a jikin shak, kuma gwajin da aka yi wa garin guringuntsinsa bai nuna yana warkar da ciwon daji ba. Don Allah duk mai majinyaci kada ya ɓata kuɗinsa a kan wannan.

Abin da ya fi cancanta a yi mamakinsa shi ne haƙori da fata. Haƙoran shak ba su kafe cikin muƙamuƙi ba, a jere suke sahu-sahu cikin dasashi, na gaba ya faɗi na baya ya matso, wani shak kan zubar da dubbai a rayuwarsa. Fatar ma ƙananan haƙora ne suka rufe ta, ginin su ɗaya da na baki. In ka shafa daga kai zuwa wutsiya santsi, in ka dawo baya sai ta karce ka. A da har goge katako ake yi da busasshiyar fatar. Saboda guringuntsi yana ruɓewa, yawancin abin da ake tonowa na tsofaffin shak haƙora ne, kuma alamun ajin a duwatsu sun haura shekara miliyan 400.

Dakta Amina: Malam ya bar mini wanda na fi so. A hancin shak da kewayen bakin kunamar ruwa akwai ƙananan ramuka cike da wani abu mai yauƙi. Wani Ba'italiye, Stefano Lorenzini, ya bayyana su a 1678, amma sai a ƙarni na 20 aka gane aikinsu: lantarki suke ji. Duk mai rai in tsokarsa ta motsa yana fitar da ɗan lantarki. Ku tuna kunamar ruwa idanunta a sama suke, bakinta a ƙasa, ba ta ganin abin da take ci. Da waɗannan ramukan take gano tsutsar ƙwaron da ta ɓuya cikin yashi, ko da ruwan ya yi jawur da damina.

Alhaji Garba: Ikon Allah. To ita ma tana jan mutum ne irin minjirya?

Dakta Amina: A'a Baba, ita ji take yi, ba ta bugu. Masu bugu a danginta na teku ne, irin su jinsin Torpedo. Minjirya kuwa 'yar gidan tarwaɗa ce, mai ƙashi. Makamin kunamar ruwa ƙarin nan ne na wutsiya, mai haƙora a gefe da dafi a jikinsa.

Alhaji Garba: Wannan kam mun san shi. Mahaifina ya sha gaya mana, in za ka shiga ruwa mai yashi kada ka ɗaga ƙafa, ja ta za ka yi a ƙasa, in ta ji motsi sai ta gudu. Wanda ya taka ta ne take harbi. Na ga babban mutum yana kuka da hawaye saboda ita.

Dakta Amina: Shawarar mahaifinku ita ce ake bai wa masu shiga teku har yau. In kuma an yi harbin, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi gwargwadon yadda fata za ta jure ba tare da ƙonewa ba, minti 30 zuwa 90, zafin yana rage raɗaɗi. Daga nan a tafi asibiti a duba ko guntun ƙarin ya karye a ciki, a yi allurar tetanus. In a ƙirji ne ko ciki, kada a zare shi a gida. Irin wannan harbin a ƙirji ne ya kashe Steve Irwin, mai shirin namun daji na Ostireliya, a 2006.

Bello Garwa: Gaisuwa daga Garwa. Na yi shiru ne ina karatu, amma raina ya sosu. Garinmu aka sa wa kifin nan, amma yaran da ke tasowa yanzu yawancinsu ba su taɓa ganinta ba. Dattawa na cewa a da sai ka yi hattara a bakin yashi saboda yawanta. Ni dai a ganina tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 kogin ya sauya hali, ga kuma taru mai ƙananan ido da ba ya barin komai.

Nura: Amma Yaya Bello, ai karfasa ma ana kama ta fiye da kima, ga ta nan ba ta ƙare ba. Me ya sa sai wannan?

Dakta Amina: Nan ne ilimin rarrabewar yake da amfani, Nura, ba don jarrabawa kawai ba. Karfasa tana balaga cikin watanni, ta zuba ƙwai ɗaruruwa sau da yawa a shekara. 'Yan wannan aji kuwa kaɗan suke haifa, a makare. Wasu ƙwai suke yi cikin wata jaka mai tauri, kamar kimera da wasu ƙananan shak. Wasu ƙwan a ciki yake ƙyanƙyashewa, ɗan ya rayu da gwaiduwa har a haife shi. Kunamar ruwa da danginta, in gwaiduwa ta ƙare, mahaifa ce ke fitar da wani ruwa mai maiƙo 'ya'yan su sha. Wasu kuma, irin shak mai kan guduma, har mabiyiya da cibiya suke da su. Manta, wata 'yar dangin kunamar ruwa ta teku wadda faɗinta kan kai mita 7, ɗa guda take haifa, sai ta huta shekara biyu ko fiye. Macen wani shak, Squalus acanthias, cikinta kan kai kusan shekara biyu. Shak na Girinlan, a binciken da aka wallafa a 2016, an ƙiyasta yana rayuwa aƙalla shekara 272, kuma mace ba ta balaga sai wajen shekara 150. Dabbar da ke haihuwa haka, in ka kama mace mai ciki ɗaya ka kashe zuriya guda. Bincike na 2021 ya nuna shak da danginsu na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan ajin na fuskantar ɓacewa. Babban dalili kamun da ya wuce kima ne, ciki har da cinikin fukafukan shak da ake kaiwa Hong Kong don miya. Tamu ta Binuwai ma tana cikin jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, na waɗanda ke cikin haɗari.

Alhaji Garba: 'Yata, na ji, kuma na yarda da lissafin. Amma ku masu karatu ku riƙa tuna masunci. Ba wanda ke fita neman kunamar ruwa, faɗawa take yi cikin taru ko ta kama mamari. Mutum ya kwana a ruwa, ga iyali na jira, ka ce ya sake abin da ya samu? Kuma wa zai sa hannu ya kwance ta da ƙarin nan? Shi ya sa ake fara datse wutsiyar.

Nura: Nan kam ina bayan Baba. A Panama a 2022 an saka shak da yawa cikin dokar CITES, yarjejeniyar cinikin halittun da ke cikin haɗari, amma wannan cinikin ƙasa da ƙasa ta shafa. Ba ta kai ga kwalekwalen Numan ko Ibi ba.

Dakta Amina: Ban ce a hana kowa abincinsa ba, Baba. Abu biyu nake roƙo, kuma sarkin ruwa na kowane gari zai iya sa baki a yi su. Na ɗaya, wadda aka ga bayanta ya kumbura wajen gindin wutsiya, mai ciki ce, a danne wutsiyar da filafili a juye ta cikin ruwa ba tare da an datse ba. Na biyu, duk wadda ta shigo hannu, da rai ko a mace, a ɗauki hotonta sama da ƙasa, a ajiye wani abu a gefenta don a gane girmanta, a rubuta gari da wata. Hoton ƙasan ne zai nuna namiji ce ko mace.

Bello Garwa: Zan yi wa masu kwalekwale na ƙarƙashin gadar Garwa magana ranar Juma'a. Anti Amina, a nan zauren za a riƙa turo hotunan ko ta akwatinki?

Dakta Amina: A nan, Malam Bello, don Alhaji da mutanen Jimeta su ma su riƙa gani suna kwatantawa da nasu.